Tambaya da Amsa: Ta wace hanya ake zama alƙalin tarayya a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin shari'a. Kullum ina jin labarai cewa wani alƙalin tarayya a Amurka ya dakatar da umarnin shugaban ƙasa, ko kuma shugaban ya naɗa sababbin alƙalai. Wane karatu ake yi, shekara nawa ake ɗauka, kuma wace jarrabawa ake ci kafin a hau wannan kujera?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Babu wata jarrabawar zama alƙalin tarayya a Amurka. Kundin tsarin mulkin ƙasar ma bai gindaya ko sharaɗi guda ba: bai ambaci shekarun haihuwa ba, bai ce sai lauya ba. Abin da ya tanada shi ne shugaban ƙasa ya gabatar da suna, Majalisar Dattawa ta amince, wanda aka naɗa kuma ya ci gaba da riƙe kujerarsa muddin bai yi abin da za a tsige shi ba. Sauran sharuɗɗan duk al'ada ce, amma al'ada mai ƙarfin gaske.

A can ba a karanta lauya a digirin farko. Sai mutum ya yi shekara 4 a kowane fanni, ko tarihi ko lissafi, sannan ya shiga makarantar lauyoyi ta shekara 3, galibi bayan ya zauna jarrabawar neman shiga da ake kira LSAT. Daga nan ya ci jarrabawar lasisi ta jihar da zai yi aiki, domin kowace jiha ita ke ba da lasisinta. Waɗanda suka yi zarra a karatu kan samu aikin shekara ɗaya ko biyu a ofishin wani alƙalin tarayya, suna yi masa binciken tsofaffin hukunce-hukunce da rubuta daftarin hukunci. Albashin wannan aiki bai kai na manyan kamfanonin lauyoyi ba, amma ana ribibinsa, don a nan ake sanin yadda alƙali ke tunani, a nan kuma ake samun wanda zai tsaya wa mutum gobe.

Bayan wannan sai aikin lauya na shekaru. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, wadda ke auna cancantar waɗanda aka gabatar, tana son aƙalla shekara 12 a bakin aiki, da gogewa ta gaske a zauren kotu. Matsayi uku take bayarwa: ya cancanta sosai, ya cancanta, ko bai cancanta ba. Ra'ayinta ba doka ba ne. A 2020 ta ce Kathryn Mizelle ba ta cika shekarun ba, amma majalisa ta amince da ita tana da shekara 33. Mafi yawan masu hawa kujerar dai tsofaffin masu gabatar da ƙara ne na gwamnati, da lauyoyin manyan kamfanoni, da alƙalan kotunan jihohi, sai malaman jami'a musamman a kotunan ɗaukaka ƙara.

Kujerun ba su da yawa. Kotunan gunduma na tarayya, inda ake fara sauraron shari'a, 94 ne, kujerun alƙalansu kuma ba su kai 700 ba. Kotunan ɗaukaka ƙara 13 ne masu kujeru 179. Kotun Ƙoli alƙalai 9 gare ta tun 1869. Sai kujera ta faɗi, wato mai ita ya rasu ko ya yi ritaya ko ya matsa gaba, sannan ake maganar naɗi.

Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne cewa a kotun gunduma, ƙofar farko sanatocin jihar ne, ba shugaban ƙasa ba. Da yawansu suna da kwamitin lauyoyi da ke karɓar takardun masu nema, ya gana da su, ya miƙa wa sanata sunaye kaɗan, shi kuma ya tura fadar White House. Lauyoyin fadar da na Ma'aikatar Shari'a su sake tantancewa, hukumar FBI ta bi tarihin mutum, ta ji ta bakin tsofaffin abokan aikinsa da maƙwabtansa. Sannan ya cike doguwar takardar tambayoyi ta kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa, wadda ke neman manyan shari'o'i 10 da ya taɓa yi tare da sunayen lauyoyin da suka kara da shi, da duk abin da ya taɓa wallafawa ko ya faɗa a taro, da bayanin dukiyarsa. Bayan zaman kwamiti da ƙuri'arsa sai zauren majalisa. Idan ya samu rinjaye, shugaban ƙasa ya sa hannu a takardar naɗi, a rantsar da shi, ya tafi horon sababbin alƙalai da Cibiyar Shari'a ta Tarayya ke shiryawa.

Tambaya: To idan shugaban ƙasa ya riga ya zaɓi mutum, ai magana ta ƙare ko? Me kuma zai hana?

Amsa: Malama, da sauran rina a kaba. Akwai wata shuɗiyar takarda da shugaban kwamitin shari'a ke aika wa sanatoci biyu na jihar da kujerar take, kowanne ya nuna ya yarda ko bai yarda ba. Ba ta cikin kundin tsarin mulki, ba ta cikin wata doka, amma a naɗin kotun gunduma idan sanata ɗaya ya ƙi mayar da ita, bisa al'ada ba a ma sa ranar zama. Shi ya sa a jihar da sanatocinta suke jam'iyyar adawa kujera kan daɗe babu kowa, ko kuma a yi ciniki a tsayar da wanda kowane ɓangare zai iya haɗiyewa. A kotunan ɗaukaka ƙara an daina bari takardar ta hana zama tun ƙarshen 2017.

Tarko na biyu shi ne abin da mutum ya rubuta a baya. A 2018 an janye sunan Ryan Bounds ana dab da kaɗa ƙuri'a, saboda rubuce-rubucen da ya yi kan launin fata tun yana ɗalibi a jami'ar Stanford. Sau da yawa rashin bayyana rubutu ya fi rubutun kansa illa: idan sanatocin adawa suka tono abin da ba a sa a takardar tambayoyi ba, zargin ya tashi daga mummunan ra'ayi ya koma ɓoye gaskiya.

Na uku rashin sanin aikin kotu. A ƙarshen 2017 Sanata John Kennedy na Louisiana, wanda jam'iyyarsu ɗaya da shugaban da ya kawo sunan, ya yi amfani da 'yan mintocinsa ya jero wa Matthew Petersen tambayoyi. Ka taɓa kai shari'a har hukunci a gaban masu taimaka wa alƙali yanke hukunci? A'a. Ta laifi ko ta farar hula? A'a. Ya tambaye shi wasu ƙa'idojin karɓar shaida da duk lauyan kotu ke mu'amala da su, amsa ta gagara. Bidiyon ya bazu a intanet, cikin kwanaki ya janye. A ganinmu wannan irin tambaya ta fi rabin hayaniyar siyasar da ake yi a zaman kwamiti amfani, domin alƙalin gunduma shi kaɗai ke zama a kan kujera, kuma nan take ake son ya yanke ko a karɓi shaida ko a ƙi.

Sai kuma lokaci. Duk sunan da ba a kaɗa wa ƙuri'a ba har wa'adin majalisa na shekara biyu ya ƙare, komawa yake wurin shugaban ƙasa, sai an sake gabatar da shi. Masu rinjaye ba sa buƙatar kayar da mutum, ƙin sa rana ya isa. Haka aka yi wa Merrick Garland, wanda Obama ya gabatar don Kotun Ƙoli a watan Maris na 2016, bai samu ko zaman kwamiti ba har sunansa ya faɗi a Janairun 2017. A da 'yan tsiraru ma kan iya tare hanya, domin sai da ƙuri'a 60 cikin 100 ake rufe muhawara. An soke wannan ga ƙananan kotuna a 2013, ga Kotun Ƙoli a 2017. Yanzu duk jam'iyyar da ke riƙe da fadar shugaban ƙasa da Majalisar Dattawa a lokaci guda, ta samu rana sai ta yi shanya, kuma matasa take nema, don mai shekara 40 zai iya yin shekara 30 yana yanke hukunci bayan wanda ya naɗa shi ya bar mulki.

Tambaya: Ana ƙarin girma ne daga majistare zuwa gunduma, zuwa ɗaukaka ƙara, har Kotun Ƙoli, gwargwadon daɗewa a aiki?

Amsa: A'a, Malama. Kowane hawa sabon naɗi ne, da sabon bincike da sabuwar ƙuri'a, kuma mafi yawan alƙalan gunduma a nan suke ƙare aikinsu ba tare da ana ganin sun gaza ba. Dubi Sonia Sotomayor. George Bush babba ya naɗa ta kotun gunduma a New York a 1992, bisa shawarar Sanata Daniel Moynihan. Clinton ya kai ta kotun ɗaukaka ƙara a 1998, bayan sunanta ya yi fiye da shekara a majalisa. Obama ya kai ta Kotun Ƙoli a 2009. Ketanji Brown Jackson ta yi aiki a ofishin Mai Shari'a Stephen Breyer, ta yi lauyar gwamnati mai kare waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya, ta zama alƙaliyar gunduma a 2013, ta ɗaukaka ƙara a 2021, sannan a 2022 ta gaji kujerar Breyer da ƙuri'a 53 da 47. Elena Kagan kuwa ba ta taɓa yin alƙalanci ko na yini guda ba kafin ta shiga Kotun Ƙoli a 2010.

Majistaren tarayya hanyarsa daban. Alƙalan gundumar ne ke zaɓensa bayan wani kwamiti ya tace masu nema, babu ruwan majalisa, wa'adinsa shekara 8 ne da ake iya sabuntawa, kuma doka na son ya yi aƙalla shekara 5 da lasisin lauya. Shi ke ba da izinin bincike, ya duba beli, ya ɗauke wa alƙali shirye-shiryen kafin shari'a. Alƙalan shari'ar karayar jari kotun ɗaukaka ƙara ke naɗa su na shekara 14. Ga lauyan da ba shi da uban gida a siyasa, waɗannan biyun su ne hanyar da ta fi kusa, kuma sukan zama tsani: Zahid Quraishi, Musulmi na farko da majalisa ta amince da shi a kujerar alƙalin tarayya ta dindindin, daga majistare ya hau kotun gunduma ta New Jersey a 2021.

Wuri ɗaya da daɗewa ke aiki shi ne shugabancin kotun gunduma ko ta ɗaukaka ƙara. Wanda ya fi daɗewa cikin waɗanda ba su cika shekara 65 ba shi ke karɓa, na shekara 7, kuma aikin gudanarwa ne, ƙuri'arsa ba ta fi ta kowa ba.

Tambaya: Nawa ake biyansu, yaushe suke ritaya, kuma wa ke iya korarsu?

Amsa: A 2024 alƙalin gunduma na karɓar dala 243,300 a shekara, na ɗaukaka ƙara 257,900, na Kotun Ƙoli 298,500, shugabanta kuma 312,200. Kundin tsarin mulki ya hana a rage musu albashi suna kan kujera. Kuɗi ne mai kauri, amma ga wanda ya baro babban kamfanin lauyoyi ragi ne sosai, kuma wasu kan ajiye alƙalancin su koma saboda haka.

Babu shekarun ritayar dole. Abin da ake da shi shi ne lissafin 80: idan alƙali ya kai shekara 65, kuma shekarunsa da shekarun aikinsa suka haɗu suka ba da 80, misali 65 da 15 ko 70 da 10, yana iya yin ritaya da cikakken albashi, ko ya koma alƙali dattijo mai ɗaukar shari'o'i kaɗan. Da zarar ya yi haka kujerarsa ta faɗi, shi ya sa da yawa ke jira sai shugaban da ra'ayinsu ya zo ɗaya ya hau mulki.

Shugaban ƙasa ba ya iya korar alƙalin tarayya. Sai Majalisar Wakilai ta tuhume shi da rinjaye, Majalisar Dattawa ta same shi da laifi da kashi biyu cikin uku. A tarihin ƙasar alƙalai 15 aka tuhuma ta wannan hanya, 8 aka cire, na baya-bayan nan shi ne Thomas Porteous na Louisiana a 2010, kan karɓar kuɗi daga lauyoyi da yin ƙarya a takardun rantsuwa. Hukuncin da bai yi wa gwamnati daɗi ba, ɗaukaka ƙara ake yi a kansa.