Me ya sa karnukan haɗin iri suka yi tsada?

Malam, ka ce me ya sa ake zuba kuɗi kan kare ruwa-biyu, alhali da ba a kallonsa. A 1989 Wally Conron, wani mai kiwon karnukan ja-gorar makafi a Ostireliya, ya haɗa kare irin Labrador da irin Poodle don samar wa wata makauniya karen ja-gora, domin gashin kare na tayar wa mijinta da ciwo. Aka ƙi karɓar sauran 'yan kwikwiyon, sai ya raɗa musu Labradoodle, nan take aka yi rububi.

Yau yawanci ado ne da nuna hali: kwikwiyo mai gashi cukus kamar 'yar tsana, a ɗauki hotonsa a ɗora a Instagram. Masu kiwo don kuɗi kuwa, da yawansu ko lafiyar iyayen ba sa dubawa. Conron kansa daga baya ya ce ya yi nadama.