Kun Tambaya: Ɗamarar Tsaro da Tsanin da Ya Kamata Mai Aikin Sama Ya Saya

Tambaya: Ina haɗa sola a kan rufin kwano. Na ga bel na ƙugu mai igiya a kasuwa, na kuma ga wanda ake sawa ta kafaɗu da cinyoyi, amma ya fi tsada. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, sayi na kafaɗu da cinyoyi. Bel na ƙugu an yi shi ne don ka jingina hannuwanka su sami damar aiki, kamar yadda masu hawa falwaya ke yi, ba don ya tare faɗuwa ba. Idan mutum ya faɗo da shi, nauyin gaba ɗaya kan ciki da gadon baya zai sauka, har yana iya zamewa daga ciki. Ɗamarar jiki kuwa tana kai nauyin ga cinyoyi, zoben da ke tsakanin kafaɗu ya riƙe ka a tsaye. Duba takardar da aka ɗinka a jikinta, ka nemi lambar EN 361, wato shaidar cewa ta cika ƙa'idar inganci.

Sai dai ɗamara kaɗai ba ta gama magana ba, kuma nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗi. Igiyar tare faɗuwa ba ta wuce mita 2, tana ɗauke da wani ƙunshi mai lamba EN 355 wanda ke warwarewa a hankali don fizgar da jiki zai sha kada ta haura kimanin nauyin kilo 600. Wannan ƙunshi yana iya buɗewa har mita 1.75. Haɗa da tsawonka daga zoben baya zuwa tafin ƙafa, wajen mita 1.5, da rarar mita 1. Ka ga ana bukatar fili fiye da mita 6 a ƙarƙashin inda ka ɗaura. Gidan ƙasa kuwa bakin rufinsa mita 3 ne zuwa 4, wato za ka isa ƙasa kafin igiyar ta tare ka. A irin wannan gida, abin yi shi ne ka gajarta igiyar yadda ba za ta bar ka ka kai bakin rufin ba sam.

Inda za ka maƙala ƙugiya ma abin lura ne. Bututun ruwa, ƙarfen dish da katakon tu-bai-tu duk ba su isa ba. Nemi ginshiƙin kankare ko babban ƙarfen rufi, kuma ya kasance sama da kai idan da hali. Kada ka hau kwano da sassafe raɓa ba ta bushe ba, kada kuma ka ɗauki farantin sola a hannu iska na kaɗawa, domin da kai za ta tafi.

Tambaya: Ni mai gyaran wuta ne. Tsanin alminiyam ko na faiba?

Amsa: Na faiba, ko da ya fi nauyi da tsada, saboda wutar lantarki tana bi ta jikin alminiyam. Nemi mai lamba EN 131, wanda ke ɗaukar kilo 150, kai da kayan aikinka. Ka sayi wanda zai haura inda za ka sauka da mita 1, don ka sami abin kamawa. Wajen kafawa, duk mita 4 na tsawo ka janye gindinsa mita 1 daga bango, ka ɗaure samansa, kuma matakai uku na ƙarshe ba na takawa ba ne. Ɗora gindin tsani kan bulo ko durom don ya kai, wannan ka daina shi yau.

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne, yarana shida. Na sami ɗamara ta gwanjo da araha. In ɗauka?

Amsa: Alhaji, ba mu ba ka shawara ba. Ɗamarar da ta taɓa tare mutum sau ɗaya ta gama aiki, kuma mai gwanjo bai san tarihinta ba. Rana ma tana cin zarenta a hankali, haka siminti, fenti da ruwan batir. Ko sabuwa ce, a duba ta kafin kowane hawa: a lanƙwasa ɗamarar a hannu taki-taki, a ga ko akwai yanka, ƙuna, tauri ko ɗinkin da ya saki, a danna ƙugiya a ga tana rufe kanta. Wadda takardarta ta goge har ba a karanta ranar da aka ƙera ta, a yanke ta don kada wani ya tsinta.

Idan kuɗin ba zai kai ga shida ba, sayi sababbi biyu, masu hawa kawai su sa, tare da hular kwano mai igiyar haɓa. Ka kuma tanadi tsani da mutum a ƙasa, domin wanda ya faɗo yana reto a ɗamara jini na taruwa masa a ƙafafu, yana iya suma cikin mintuna kaɗan. A sauko da shi maza, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.