Amsa ga ƙanena da ya buɗe zauren baƙi tun kafin ya baro Kano

Assalamu alaikum ƙanena,

Saƙonka ya iso ni, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa gurbin karatunka na digiri na biyu ya tabbata, har ka riga ka yi gwajin tarin fuka da ake buƙata kafin neman biza. Allah ya sanya albarka, ya sa ka gama lafiya kamar yadda ka gama Bayero lafiya. Ka ce ka lura 'yan Kano da za su taho Manchesta a watan Satumba kowa yana ta kame-kame shi kaɗai, shi ya sa ka buɗe zaure a WhatsApp, ka watsa mahaɗin shigarsa a Facebook, cikin mako biyu mutane kusan 300 suka shiga, yanzu kuma kana so in gaya maka yadda za a mai da shi abin da zai taimaki baƙo ya sami gindin zama. Niyyarka ta faranta mini rai, amma abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka soke wannan mahaɗi yau, kafin ma ka gama karanta sauran maganata.

Ga dalilina. Mu shida muka buɗe irin wannan zaure a 2017, a ɗakina da ke unguwar Longsight a nan Manchesta, kuma mu ma a lokacin gani muke yawan jama'a shi ne nasara. A kakar karatu ta gaba wani da babu wanda ya san shi a cikinmu ya sa hotunan ɗaki mai kyau, da Hausarsa tsantsa, da sallama da addu'a, ya ce wanda ya fara turo kuɗin ajiya shi zai samu. Wani yaro ɗan Gwale ya tura masa kuɗin da mahaifinsa ya sayar da fili ya haɗa wani kaso nasu. Ranar da ya sauka, bayan sallar isha'i, ya kira ni daga bakin ƙofar gidan ana ruwa, ga akwatuna biyu a gabansa, ga wata dattijuwa Baturiya ta leƙo tana gaya masa cewa ita ce mai gidan kuma ba ta taɓa sa shi haya ba. Da na je ɗauko shi na tarar yana riƙe da waya yana ta kiran lambar da aka riga aka kashe, hannunsa yana rawa don sanyi, kuma abin da ya fara ce mini shi ne kada in bari labarin ya kai gida. Mako uku ya yi yana kwana a kan kujerar falona. Ba wanda ya zarge mu, amma ni na san cewa da ba a zaurenmu ya ga hoton nan ba, da bai yarda ba; sunanmu aka ara aka cuce shi.

Tun daga ranar na daina kallon abin a matsayin taro, na koma ina tuna yadda kakanninmu suka riƙe baƙi. Kai da ka tashi a cikin birni ka san Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi, unguwannin da sunayensu kaɗai ke gaya maka cewa baƙi ne suka sauka, aka ba su wuri, har suka zama 'yan gari. Falken da ya shigo da kaya kasuwar Kurmi a da ba ya kwana a titi yana tambayar duk wanda ya gani. Wurin fatoma yake sauka, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, kuma idan aka cuci baƙon nan, mutuncin fatoma ne ya zube, baƙi su daina sauka a gidansa. Haka Hausawa suka yi da suka fita, a zangon Kumasi da na Salaga a zamanin fataucin goro, da Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, inda masu gida ke tsaya wa 'yan kasuwar shanu a kan bashi da sunansu. Abin da ya riƙe waɗannan wurare mutum ne sananne, mai fuska da gida, wanda za a iya zuwa a tuhume shi. Zauren da ba shi da irin wannan mutum, ko da ya cika maƙil da mutum 1,024 da WhatsApp ya yarje, taron tsintsiya ne ba shara.

Saboda haka muka sake gini daga tushe. Ba wanda zai shiga sai wani da ke ciki ya shaide shi, a rubuta wane ne ya kawo wane. Kowane baƙo, tun yana Kano, ana haɗa shi da mutum ɗaya da ya shekara a nan, kuma wannan mutum shi ne fatomansa na wata guda: shi zai tarbe shi a filin jirgi ko ya aika wanda ya amince da shi, shi zai je da ƙafarsa ya ga ɗakin da ake magana, ya buɗe famfo, ya duba ko na'urar ɗumama ɗaki tana aiki, ya leƙa bayan labule don ganin ko danshi ya ci bango, kafin a fitar da ko fam ɗaya. Wannan shi ne aikin da ba za ka iya yi daga Kano ba, ƙanena, komai ƙwazonka, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma kai kanka a yanzu baƙo ne mai jiran a tarbe shi. Mutum 300 da ka tara kusan dukkansu masu tahowa ne, kowa da tambaya, babu mai amsa, sai jita-jita ta riƙa yawo a tsakaninsu har ta yi kama da gaskiya. Kafin ka ƙara mutum ɗaya, nemi mutum biyar da suka daɗe a nan waɗanda suka yarda a kira su da tsakar dare.

Bayanan da baƙo ke bukata ba su da yawa kamar yadda ake zato, amma kuskure a cikinsu yana da tsada. A Ingila, tun 2019, doka ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar a gidajen haya irin namu, kuma wajibi ne ya sa su a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, sai dai idan tare da mai gidan kake zaune, nan hukuncin ya bambanta. Ɗalibin da ke cikakken karatu ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai ya kai takardar shaida daga jami'a. Rajista da likitan unguwa kyauta ce, kuma gara a yi ta a makon farko da a jira zazzaɓi. Mun rubuta irin waɗannan a takarda guda, muka manna ta a saman zaure, kuma kowane bayani muna sa masa kwanan watan da aka tabbatar da shi, domin dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. A watan Janairun 2024 aka hana mafi yawan masu digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, zuwa da iyali, a watan Fabrairun shekarar kuma kuɗin lafiya da ɗalibi ke biya wajen neman biza ya koma fam 776 a shekara, amma bayan haka na ci gaba da ganin mutane suna tura tsofaffin saƙonni da zuciya ɗaya, wani har ya fara shirin tahowa da amarya.

Maganar biza kuwa, ka hana kowa yanke hukunci a kanta a zaurenka. Dokar ƙasar nan ta hana wanda ba shi da rajista ya mai da ba da shawarar shige da fice aikinsa, kuma kowace jami'a tana da ofishin ɗaliban waje da ke yin wannan ba tare da karɓar kuɗi ba. Abin da kowa ya kamata ya haddace shi ne cewa ɗalibin digiri ba ya wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, kuma ba a yarje masa sana'ar kansa ba. Za ka sami masu cewa kowa yana wucewa kuma ba abin da ke faruwa. Wanda ya faɗi haka ba shi ne zai koma gida babu takarda ba, bayan iyaye sun ci bashi.

Akwai kuma cutar da muke tahowa da ita daga gida. A watan Maris na 2019, da aka ce zaɓen gwamnan Kano bai kammala ba, zaurenmu ya kwana biyu yana gardama, saƙo na bin saƙo, kuma a tsakiyar wannan ƙura wata baiwar Allah da ta zo ba da daɗewa ba ta tambayi inda za ta kai ɗanta da jikinsa ya yi zafi. Ba wanda ya gani sai washegari. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma har yau ina jin nauyin abin a raina. Daga nan muka ce siyasa da muhawarar aƙida da tallan kaya a kai su wani wuri, kuma muka yi asarar mutane da dama a kan wannan, ciki har da abokaina. Mata kuma suka buɗe nasu zaure da suke gudanarwa da kansu, bayan wasu sun koka cewa ana kwashe lambobinsu ana bin su da saƙo, kuma zan gaya maka gaskiya, nasu ya fi namu tsari nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a yanzu shi ne mai shiru. A watan Disamba rana tana faɗuwa a nan kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su wuce cikin ƙasa da awa huɗu, kuma yaron da ya saba da majalisar ƙofar gida da hayaniyar Kantin Kwari sai ya sami kansa a ɗaki ɗaya kwana uku bai yi Hausa da kowa ba. Irin wannan ba ya rubuta wa mutum ɗari cewa yana cikin damuwa. Shi ya sa duk wata muke haɗuwa bayan Juma'a a gidan ɗayanmu, a tuƙa tuwo, a kaɗa miyar kuka, kuma wanda ba a gani ba sau biyu a jere, fatomansa ya tashi ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Na yi magana da mutanenmu, kuma sun yarda ka turo sunayen waɗanda ka sani ido da ido a cikin mutanenka, mu fara haɗa kowa da mai tarbarsa. Sauran kuma a yi musu bayani cikin mutunci cewa sai an sami mai shaidarsu. Kai kuwa ni ne fatomanka, don haka da zarar bizar ta fito ka turo mini ranar tashinka daga filin jirgin Malam Aminu Kano da lambar jirgin da zai sauke ka. Ka zo da kuka da daddawa da yaji gwargwadon abin da akwati zai ɗauka, amma ka gaya wa Hajiya ta haƙura da kilishin da na san za ta so ta ƙulla maka, domin an hana shigowa da nama kuma ƙwace shi za a yi. Ka gaishe mini da ita da Baba ƙwarai, ka ce ina neman addu'arsu.

Wassalam,
Yayanka a Manchesta