Sunan ɗan goggonka da maganar masu Misar Latin

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fatan karatu na tafiya daidai. Ka ce ka yi ta sauraron wasu limaman Katolika a intanet, masu yin Misa da Latinanci kaɗai, suna cewa Ikilisiya ta ɓata hanya tun da ta fara zama da Musulmi da sauran ɗariku. Har zuciyarka ta fara ɗar-ɗar: ko ya halatta ka je sunan jaririn ɗan goggonka Musulmi, ka ci naman layyar da suke aiko mana, ka shiga addu'ar CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, a makaranta?

Ka je sunan, ka kai gudummawarka. Amma ba zan sallame ka da wannan kaɗai ba, domin maganar mutanen nan tana da asali, gara ka ji shi daga bakina.

A 1928 Fafaroma Pius na 11 ya fitar da wasiƙar Mortalium Animos, ya hana 'yan Katolika shiga tarukan haɗa kan ɗariku. A wurinsa haɗin kai ɗaya ne: waɗanda suka fita su dawo gida. Da wannan aka horar da iyayenmu, shi ya sa tsofaffin katekis ba sa son ko leƙa wani coci ka yi. Sai aka yi babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, bishop-bishop fiye da 2,000 tare da Fafaroma. A ranar 28 ga Oktoba 1965 suka fitar da takardar Nostra Aetate, wadda ta ce Ikilisiya tana ganin girman Musulmi, domin suna bauta wa Allah ɗaya Mahalicci, suna girmama Yesu a matsayin annabi, suna darajanta Maryamu, suna salla da azumi da sadaka. Ta roƙi ɓangarorin biyu su bar tsohuwar gaba. Bishop 88 ne kacal suka ƙi.

Wanda ya ja ragamar masu ƙin abin da taron ya kawo shi ne Babban Bishop Marcel Lefebvre, Bafaranshe. Ba baƙon Afirka ba ne: ya yi aikin mishan a Gabon, ya zama babban bishop na Dakar ta Sanagal, cikin tsakiyar Musulmi. A 1970 ya kafa ƙungiyarsa ta Pius na 10 a Suwizalan. Tsoronsa shi ne, in aka riƙa jera addinai a kan tabarma ɗaya, talaka zai ɗauka duk hanya hanya ce, wa'azin bishara ya mutu. Da Fafaroma John Paul na 2 ya tara shugabannin addinai a Assisi ranar 27 ga Oktoba 1986 don roƙon zaman lafiya, Lefebvre ya kira abin da abin kunya.

Wannan tsoron ban raina shi ba. Ni ma na ji Kiristoci suna cewa ai duk ɗaya ne, kuma ba ɗaya ba ne. Musulmin kirki ma ba zai yarda da haka ba. Sai dai Ikilisiya ba ta taɓa koyar da haka ba. A 2000 ma Roma ta fitar da takardar Dominus Iesus, ta sake nanata cewa ceto ta wurin Almasihu ne shi kaɗai, har wasu ɗariku suka ji haushi. Inda na rabu da Lefebvre shi ne ranar 30 ga Yuni 1988, da ya naɗa bishop huɗu bayan Fafaroma ya hana shi ƙiri-ƙiri. Wanda ke kafa hujja da Fafaroman da ya rasu don ya bijire wa mai rai, ba shi zai koya maka biyayyar Katolika ba.

Kuma kada ka ce kawunka bai san wuta ba. Mun ga Kaduna a 2000, mun binne namu. Amma ka tuna Liman Abubakar Abdullahi na Barkin Ladi, wanda a 2018 ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban 'yan bindiga. Mai wa'azi daga Turai bai san irin wannan maƙwabtaka ba. Kadinal Arinze, ɗan ƙasarmu, shi ya riƙe ofishin hulɗa da sauran addinai a Vatikan daga 1984 zuwa 2002, ba wanda ya taɓa cewa bangaskiyarsa ta yi ruwa.

Iyakarmu a fili take. Ran suna, da sassafe za ka zauna a tabarma cikin maza, a raba goro, liman ya raɗa suna. In ya roƙa wa yaro rai da albarka, ka ce amin da zuciya ɗaya. In aka tashi salla, ka koma gefe cikin ladabi, ba ka shiga sahu, su ma ba su sa ran ka shiga ba. Naman layya kuwa, duba Korintiyawa ta fari sura 10 aya 27, inda aka ce in wanda ba Kirista ba ya gayyace ka, ka ci abin da aka sa maka; ka ci ka gode. Da Kirsimeti ma ai maƙwabcinmu Musulmi muke kira ya yanka mana akuya, don shinkafarmu ta shiga gidansu. A CAN ka yi waƙa, ka yi addu'a, amma ba ka karɓar jibin Ubangiji a teburin wata ɗarika, kuma taronsu ba ya ɗauke maka Misar Lahadi.

In Misar Latin ce ta shiga ranka, ba laifi ba ne, da ita aka raine ni. Akwai limaman ƙungiyar Bitrus mai tsarki, wadda aka kafa a 1988 ɗin nan, masu yin tsohuwar Misa ba tare da sun rabu da Fafaroma ba, suna nan a Umuaka ta jihar Imo. Ka fara yi wa Fadan makarantarku magana kafin ka nemi kowa. Ka gaida mahaifiyarka.