Takardar CAC a bango ba lasisin jami'a ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare amma makinsa na JAMB bai kai ba. Akwai wata makaranta a saman wasu shaguna kusa da mu, sun ce digiri suke bayarwa cikin shekara biyu, kuma ba sai da JAMB ba. Na je da kaina, har sun nuna mini takardar CAC a jikin bango. In biya? Daga wata uwa a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ɗaure kuɗinki a bakin zani tukuna. Takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista, irin wadda mai gidan burodi ko kantin siminti ke da ita. Ba ita ke ba makaranta ikon bayar da digiri ba.

Kowace irin makaranta da hukumar da ke riƙe da linzaminta. Jami'a sai da lasisin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wadda ke wallafa sunayen jami'o'in da ta amince da su a shafinta na intanet, lokaci-lokaci kuma ta fitar da jerin na bogi. Kwalejojin ilimi masu ba da NCE suna ƙarƙashin hukumar NCCE. Kwalejojin kimiyya da fasaha kuwa na hukumar NBTE ne, wadda aka kafa a 1977, kuma hedikwatarta na nan cikin Kaduna, a titin Bida. Kuɗin keke ya ishe ki zuwa ki tambaya da bakinki.

Ga kuma inda iyaye da dama ke tuntuɓe: makaranta na iya samun lasisi, amma kwas ɗin da yaro zai karanta ba a tantance shi ba. Don haka tambaya biyu ce. Makarantar na da izini? Kwas ɗin fa? Idan suka ce suna "haɗin gwiwa" da wata babbar jami'a, ki je can jami'ar ki ji daga bakin magatakarda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shekara biyun nan. Ɗan da ya fito daga sakandare ba ya samun digiri a Najeriya ƙasa da shekara huɗu. Sannan tun 2017 JAMB ke bi da gurbin karatu ta tsarinta na intanet mai suna CAPS. Wanda sunansa bai shiga kundinta ba, ranar kiran bautar ƙasa zai ga ta kansa. Gara yaron ya sake zama jarrabawar, ko ya yi IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko ya nemi difloma a Kaduna Polytechnic.

Tambaya: Wani dillali ya ce zai samo mini digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin ba tare da na bar shagona ba. Daga wani matashi a Kawo.

Amsa: Ƙanena, an riga ka a wannan hanyar. A Disambar 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Dillalin zai ci kuɗinsa ya yi gaba, sunanka ne a kan takardar. In shagon ne ya hana ka, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana da cibiyar karatu a Kaduna, kuma don irinku aka yi ta.