Yadda ake auna filin talla a jarida

Malam, ka tambayi da me jaridu ke auna filin talla kafin su yanka kuɗi. Tsohon ma'aunin shi ne incin kwalam, wato faɗin kwalam ɗaya (ɗaya daga cikin sassan rubutu na tsaye da ake raba shafin jarida) da tsawon inci ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Idan tallanka ya ci kwalam 3 a faɗi, inci 5 a tsaye, kuɗin inci 15 za ka biya. A Amurka har raba incin ake yi gida 14, kowane kaso layi guda, musamman don ƙananan tallace-tallace. Inda ake awo da mita kuwa, santimita ake ƙirgawa.

Amma fa ka fara tambayar faɗin kwalam ɗinsu, domin ya bambanta. Inci 15 a wata jarida bai kai na wata girma ba.