Tsohon zum na Vivitar: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki da suna ne a Tawa. Da na je Yamai wani abokin sana'a ya nuna mini tsohon zum, wato gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, Vivitar Series 1 70-210mm f/3.5, yana so ya sayar. Na hango ƙura a ciki, kuma in na sunkuyar da shi sai zoben ya zame da kansa. Kyamarata Sony ce marar madubi. In saya ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyun da suka tayar maka da hankali su ne mafi sauƙi. Zum irin wannan, da ake turawa gaba a jawo baya, iska yake zuƙa duk lokacin da ka motsa shi, kuma kai ma ka san abin da iskar hunturu take ɗauke da shi a Tawa. Ƴan ƙwayoyin ƙura ba sa fitowa a hoto. Zamewar zobe kuwa tsufa ne: za ta dame ka in kana ɗaukar abin da ke sama ko ƙasa da kai, amma muddin hannunka na kan zoben, babu komai.

Fara duba lambar da ke jikinsa. A lokacin Vivitar ba ta ƙera gilashi da kanta, wasu kamfanoni take bai wa aikin. Lambar da ta fara da 22 ta kamfanin Kiron ce, samfurin farko na tsakiyar shekarun 1970, mai baki milimita 67 da nauyi kusan giram 900. In da 37 ta fara, na Tokina ne, ya fi sauƙin ɗauka. Wannan nauyin kada ka raina shi, domin wunin biki da shi a wuya ba wasa ba ne.

Abin da nake tsoro a tsohon zum shi ne hazo da mai. Shiga ɗaki mai duhu, buɗe ƙofar hasken da ke cikin zum ɗin duka, wato f/3.5, ka haska fitilar waya ta baya kana leƙawa ta gaba a karkace. In ka ga fari-fari ya lulluɓe gilashin ciki kamar tururi, hazo ne, kuma shi ke sa hoto ya fito a koɗe, baƙar riga ta koma ruwan toka. In zare-zare ka gani kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce. Busasshiyar iskarmu ba ta cika haifar da ita ba, amma kayan da suka kwana a danshin bakin teku kafin su iso nan sukan zo da ita. Sai ka matse ƙofar zuwa f/16 ka dubi ganyayyakinta, wato siraran ƙarafan da ke rufe ta. A bushe ya kamata su kasance. Zafin watan Afrilu, musamman a jakar da aka bari cikin mota, yana narkar da man zoben ya gangaro kansu, sai su riƙa ƙyalli suna rufuwa da nawa. Wanda na ga hazo mai kauri a cikinsa, ko nawa aka rage mini ba na saye.

Daga nan sai hoto. Nemi adafta da ta dace da gindinsa, domin an yi shi da gindi iri-iri: Canon FD, Nikon F, Minolta, Pentax K. Kafa kyamarar a kan abin ɗora ta mai ƙafa uku, ka ɗauki bangon bulo a 70mm, a 135mm, a 210mm, kowanne a f/3.5 da f/8. A 210 a buɗe zai ɗan yi laushi, har ka ga launin shunayya a gefen farar shadda cikin rana. Halinsa ne, f/8 tana gyara yawancinsa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne kusurwa ɗaya ta fito tar, kishiyarta ta dushe: alamar ya taɓa faɗuwa, gilashi ya goce.

Ka tuna da hannu za ka riƙa saita nesansa har hoto ya fito tar. Ga amarya a zaune ko fuskar dattijo a wurin suna, zai ba ka hoto mai taushi da daɗin kallo. Ga masu rawa, sai ka saita nesan tun kafin su iso wurin, saurin ɗauka kuma kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa. In ya tsallake gwajin fitila da na bango, ka nuna wa mai shi zamewar zoben ya rage maka kuɗi, ka saya.